Datawrapper, Flourish, Power BI, Tableau ko kodin: da wanne za ka zana alƙalumanka?

Ɗan jarida a Kano yana da farashin gero da masara na shekara biyar daga kasuwar Dawanau, jere a cikin Excel, ya kuma san babu mai karatun da zai zauna ya bi layi dubu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar ƙungiyar agaji a Maiduguri ta tara amsoshin gidaje da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, tun bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, shugabarta kuma tana son ganin abin da ke shigowa kowace safiya. Malamin jami'a a Damagaram yana son ɗalibansa su ja shekaru da yatsa su ga yadda damina ke tafiya tare da amfanin gona. Abu ɗaya suke nema: zanen alƙaluma da mai kallo zai taɓa ya amsa masa, ya zaɓi jiharsa, ya ɓoye wani layi, ya koma shekarar da yake so. Kuma wuri ɗaya suke cijewa, wato wace manhaja za su ɗauka.

Irin wannan zane ya shiga idon duniya ne a 2006, lokacin da likitan nan ɗan Suwidin, Hans Rosling, ya tsaya a dandalin jawabai na TED yana nuna ɗigo-ɗigo masu launi suna tafiya a allo, kowane ɗigo ƙasa ce, ana ganin yawan haihuwa na sauka, tsawon rai na hawa. Gani ya kori ji. Daga nan manhajoji suka yawaita, kowace da tallarta. Zan faɗi matsayina tun yanzu don a auna ni da shi: abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci, wayar wanda zai kalli zanen, da mutumin da zai riƙe aikin idan mai shi ya bar wurin. Kyan zane bayansu yake zuwa.

## Ma'aunan da za mu bi

Wayar mai kallo. Mafi yawan masu karatunmu da waya suke shiga intanet, sau da yawa ta linkin da wani ya turo a WhatsApp, da datar kwana ɗaya ko ta mako. Zanen da zai yi minti guda yana juyi kafin ya buɗe, an riga an rufe shi. Wanda ya buɗe amma rubutunsa ya ƙanƙance sai an buɗa allo da yatsu biyu, shi ma bai isar da saƙo ba.

Kuɗi. Duk wanda ake biya a cikinsu da dala ko yuro ake biya, wata-wata ko shekara-shekara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kasafin da aka yi a Janairu ba lallai ya kai Disamba ba. A Nijar da Kamaru da Chadi abin ya fi tsayawa, domin sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, amma biya da kati a can ma sai mai asusun da ya dace.

Sauƙi. Ranar farko kowa na da zumuɗi. Tambayar ita ce, a wata na shida, wa zai saka sababbin alƙaluma, kuma minti nawa zai ɗauke shi?

Ɗorewa. Wannan ne aka fi mantawa da shi. Lokacin da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da ke nuna zane mai motsi a burauza, a ƙarshen 2020, ɗimbin zane-zanen da manyan jaridun duniya suka kashe kuɗi a kansu sun koma farin fili. Google ya rufe Fusion Tables, manhajarsa ta zana tebur da taswira, a Disamban 2019, taswirorin da aka gina a kansa suka mutu tare da shi. Duk abin da ke zaune a gidan wani, mai gidan na iya tashin sa.

Haɗarin sirri. Tsarin kyauta kusan kullum yana nufin abin da ka wallafa na kowa ne. Idan a teburinka akwai sunaye, lambobin waya ko wurin da gidajen 'yan gudun hijira suke a taswira, kuskure ɗaya na iya jefa mutane cikin hatsarin gaske. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko babu doka, amana ce aka ba ka.

Harshe da taswira. Ka rubuta "Ƙaramar Hukumar Ɗanbatta" da "ɓarna" a kan zanen, ka duba a wayoyi biyu ko uku, domin wasu nau'o'in rubutu sukan mayar da ƙ, ɗ da ɓ akwatuna. Sannan ka duba ko manhajar ta san iyakokin da kake aiki da su. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma sunaye na maimaituwa: akwai Nasarawa a Kano da wata a jihar Nasarawa, akwai Bassa a Kogi da Filato, akwai Obi a Binuwai da Nasarawa. Ga jihar Neja da ƙasar Nijar da ake rubutawa iri ɗaya da Turanci. Manhajar da ke cankar wuri daga suna za ta iya kai ruwanka wata gona. Maganin shi ne lambobin yanki da ke tare da taswirorin iyaka na rumbun HDX na ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko na GRID3, wani shirin tattara bayanan taswira.

## Kafin ka gina: ko wani ya riga ya gina?

Na sa wannan a gaba domin mutane da yawa suna kashe mako uku a kan abin da ke ajiye kyauta. Our World in Data, wanda Max Roser ya assasa kuma yake aiki tare da masu bincike a Jami'ar Oxford, yana da dubban zane-zane a kan talauci, mace-macen yara, wutar lantarki, hayaƙin masana'antu da noma. Ka zaɓi Najeriya, Nijar da Gana, ka kwafi lambar liƙawa, wato ɗan rubutun da ke ɗauko zanen, ka saka a shafinka. Lasisinsu ya yarda muddin ka ambaci mai shi. Gapminder, gidauniyar da Rosling da ɗansa Ola da surukarsa Anna suka kafa a 2005, tana da manhajar da ake saukewa a yi aiki da ita ba intanet, abin da ya dace da ajin da sabis ba ya kaiwa. FEWS NET na nuna taswirar ƙarancin abinci yanki-yanki a Sahel. Global Forest Watch na nuna asarar itatuwa shekara-shekara tun 2001 daga hotunan tauraron ɗan'adam.

Kuɗi babu, koyo na minti goma ne, kuma galibinsu suna buɗewa lafiya a waya. Gazawarsu uku ce. Ba da Hausa suke ba. Our World in Data da Gapminder a matakin ƙasa suka fi tsayawa, ba za su gaya maka bambancin Jigawa da Legas ba, alhali a nan labarin yake. Ta uku, ba kai ke riƙe da su ba: shafin FEWS NET, wanda hukumar USAID ta kafa a 1985, ya ɗauke a ƙarshen Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, sai bayan watanni ya dawo. Wanda ya sauke alƙaluman tun da wuri ya ajiye a kwamfutarsa shi ya ci gaba da aiki.

Akwai wani abu da ke damuna game da kayan da aka gina a waje. Global Forest Watch an tsara shi ne da idon dajin da ke da duhuwa, yana ƙidaya itacen da ya haura mita biyar, kuma saitinsa na farko wurin da ganye ya rufe kashi 30 na ƙasa yake nunawa. Gawon da manoman Maraɗi da Damagaram suka raina a tsakiyar gonakinsu tun shekarun 1980, aikin da aka ƙiyasta ya mamaye kusan hekta miliyan 5, a warwatse yake, don haka da kyar yake fitowa a irin wannan taswira. Ɗalibin da bai sani ba zai kalla ya ce babu komai a wurin.

## Datawrapper

Kamfanin yana Berlin, manhajar ta fito a 2012, kuma don ɗakin labarai aka yi ta. Mataki huɗu ne: ka liƙa alƙaluma, ka duba su, ka zana, ka wallafa. Wanda ya iya Excel zai fitar da zanensa na farko kafin shayi ya huce. Tsarin kyauta bai ƙayyade yawan zane ba, sharaɗinsa ɗan rubutun sunan kamfanin a ƙasa. Cire sunan da saka tambarin gidanka shi ake biya. Yana yin zanen layi da na sanduna, taswira mai launi, taswirar nuna wuri, da tebur mai akwatin bincike. Kana iya ɗora taswirar iyakokinka, kana iya haɗa shi da Google Sheets ya riƙa ɗauko sababbin alƙaluma da kansa.

A waya babu wanda ya kai shi cikin waɗanda za mu lissafa. Zanen yana daidaita kansa da faɗin allo, ba shi da nauyi, kuma kana iya sauke hotonsa ka tura wa wanda ba zai danna linki ba. Iyakarsa ita ce taɓawar kaɗan ce: mai kallo zai ɗora yatsa ya ga adadi, zai bincika tebur, amma ba zai danna Katsina a taswira sauran zane-zanen shafin su sauya ba. Ni a wurina wannan takurawar sau da yawa alheri ce, domin tana tilasta mai zane ya yanke shawarar abin da yake son faɗa. Haɗarin sirri matsakaici ne: abin da ka wallafa, duk mai linki zai gani.

## Flourish

A Landan aka gina shi, ya fito a 2018, kamfanin Canva ya saye shi a 2022. Idan ka taɓa ganin sanduna suna tsere, ƙasashe ko kulob-kulob suna wuce juna shekara bayan shekara, to akwai yiwuwar da shi aka yi. Ƙarfinsa motsi ne da ba da labari: kana iya jera zane-zane kamar shafukan littafi, mai kallo na dannawa zanen na narkewa ya koma wani. Yana da maɓallan tace bayanai, ja-shekara, zanen kwararar kuɗi daga tushe zuwa inda suka tafi, wanda ya dace da kasafin jiha, da zanen alaƙa tsakanin abubuwa.

Sauƙinsa kusa da na Datawrapper ne, sai dai saitunan suna da yawa, mutum kan ɓata awa yana juya launi. A tsarin kyauta abin da ka wallafa a bainar jama'a yake. A waya ya fi Datawrapper nauyi, musamman zane mai motsi da ɗigo dubbai. Gargaɗina a kansa ɗaya ne: motsi na jan ido fiye da yadda yake koyarwa. Tseren sanduna na farashin hatsi zai samu masu rabawa, amma layi uku a tsaye su za su nuna wa mai karatu inda farashin ya karye bayan rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2023.

## Looker Studio

Na Google ne, ya fara da sunan Data Studio a 2016, aka sauya masa suna a 2022. Kyauta ne ga mai asusun Gmail, akwai tsarin biya na dala 9 ga mutum a wata. Idan alƙalumanka a Google Sheets suke zaune, cikin yini guda za ka haɗa allon bayanai mai maɓallan tacewa, ka raba shi ga mutanen da ka zaɓa kamar yadda ake raba takarda a Drive. Wannan ikon zaɓar mai gani ba tare da biya ba shi ne babban abin da ya fi sauran da shi. A burauza kaɗai yake aiki, intanet ta ɗauke aiki ya tsaya. Taswirarsa ba ta da ƙarfi a matakin ƙaramar hukuma, kuma yakan yi nauyi idan teburin ya girma.

## Power BI

Microsoft ya fito da shi a 2015, kuma shi ne sunan da za ka fi gani a tallan aikin sa ido da tantance ayyuka na ƙungiyoyi. Manhajar kwamfuta kyauta ce, tana aiki ba intanet, amma a Windows kaɗai. Mai Mac sai ya nemi dabara. Abin da ya sa ya yi fice shi ne aikin bayan fage. Power Query, wani sashe na cikinsa, na wanke alƙaluma: ya haɗa fayil goma sha biyu na watanni, ya gyara rubutun sunaye, ya cire maimaici, kuma ya tuna matakan, wata mai zuwa danna ɗaya ya isa. Ga mai aiki da takardun Nijar ko Chadi, inda ake rubuta 1,5 a maimakon 1.5 bisa tsarin Faransanci, wannan kaɗai na cece shi daga kuskuren da kan ninka adadi sau goma. Sannan komai a allon a haɗe yake, ka danna Konduga duk zane-zanen su koma na Konduga.

Kuɗin yana ɓoye ne a wajen rabawa. Don abokan aiki su ga allon cikin sirri, mai wallafawa da masu kallo duk sai sun mallaki lasisin Pro, wanda ya tashi daga dala 10 zuwa 14 ga mutum a wata a Afrilun 2025. Ofis mai mutum goma zai biya dala 1,680 a shekara, sai dai in ya cancanci rangwamen da kamfanin ke yi wa ƙungiyoyin sa-kai. Buɗe asusun intanet ɗinsa na buƙatar imel na wurin aiki ko makaranta, Gmail ba ya shiga.

A nan ne haɗarin da na fi tsoro yake. Akwai hanyar wallafawa ga duniya wadda ba ta neman kalmar sirri, kuma wanda ke gudun kuɗin lasisi yakan bi ta nan yana zaton linkin zai tsaya a tsakanin abokan aiki. Microsoft da kansa ya yi gargaɗi cewa duk mai intanet na iya ganin abin da aka wallafa haka, har da bayanan da ke ƙarƙashin zanen. Bayanan masu karɓar agaji ba sa bi ta wannan ƙofa ko da wane dalili.

Koyonsa makonni ne, harshen lissafinsa DAX kuma watanni. A wayar mai karatu na gari yana da nauyi, allon da aka tsara don kwamfuta yakan matse ya zama ba ya karantuwa.

## Tableau

Daga binciken Jami'ar Stanford ya fito a 2003, Salesforce ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 15.7. Wajen tono alƙaluma da ido, ka ja wannan ka ajiye a can ka ga abin da ya ɓullo, har yanzu yana gaba, taswirorinsa kuma sun fi na Power BI daɗin aiki. Yana gudana a Windows da Mac. Tableau Public kyauta ne tun 2010, kuma tun 2024 ana iya ajiye aiki a kwamfuta ba sai an ɗora shi a intanet ba, sauyin da ya rage haɗari sosai ga mai koyo. Amma duk abin da ka ɗora a dandalinsu na jama'a ne.

Na biya yana da tsada: dala 75 a wata ga mai ginawa, wato 900 a shekara, da dala 15 ga kowane mai kallo. Ƙaramar ƙungiya a Zariya ko Tawa da wuya kwalliya ta biya mata kuɗin sabulu. A waya ana iya tsara masa fuska ta musamman, amma nauyin buɗewa na nan.

## Kodin: D3, Leaflet, Shiny

Wannan hanyar ta mai rubuta umarnin kwamfuta ce. D3, wanda Mike Bostock da abokan aikinsa suka fitar a 2011, shi ke ƙarƙashin da yawa daga zane-zanen da suka yi suna a manyan jaridu. Leaflet na taswira ne, mara nauyi ƙwarai. Shiny, wanda ya fito a 2012, na masu harshen kwamfuta na R ne, kuma malaman ƙididdiga sun fi sabawa da shi. Dukkansu kyauta ne, lambobinsu a buɗe.

Babu iyaka ga abin da za ka gina. Kana son mai kallo ya rage ruwan sama da kashi 20 ya ga abin da lissafinka ya ce zai faru da gero? Kana son kowane maɓalli da Hausa, ko da ajami? Nan ne wurin. Shafin D3 ko Leaflet da aka rubuta da kyau fayiloli ne kawai, kana iya ajiye su kyauta a GitHub Pages, wani masaukin shafukan intanet, ka kwafe su a filashi, su buɗe bayan shekara goma. Ta fuskar ɗorewa babu kamarsa. Shiny daban ne, yana buƙatar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet, mai gudana a kullum, kuma masaukinsa na kyauta manhaja biyar da awa 25 na aiki a wata yake bayarwa. Labari ɗaya ya yaɗu, awannin sun ƙare.

Tsadar mutum ce. Koyo watanni ne zuwa shekara, kuma abin da aka saba gani shi ne matashi ɗaya mai hazaƙa ya gina abu mai kyau, ya samu aiki a wani wuri, a bar ofis da shafin da babu mai iya sauya ko da kwanan wata a cikinsa.

## A taƙaice cikin tebur

| Zaɓi | Kuɗi | Koyo | A waya | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shafukan da aka riga aka gina | Kyauta | Mintuna | Da kyau | A hannun masu su | Ba sa sauka ƙasa da matakin da suka zaɓa |
| Datawrapper | Kyauta, ana biyan cire suna | Awa ɗaya | Mafi kyau | Mai kyau, ga hoto a ajiye | Taɓawa kaɗan |
| Flourish | Kyauta in na jama'a ne | Yini | Matsakaici | A hannun kamfani | Ado ya rufe saƙo |
| Looker Studio | Kyauta, ko dala 9 | Kwanaki | Matsakaici | A hannun Google | Ba ya aiki ba intanet |
| Power BI | Ginawa kyauta, rabawa dala 14 | Makonni | Mai nauyi | Fayil na hannunka | Fallasa bayanan sirri |
| Tableau | Na jama'a kyauta, na biya dala 75 | Makonni | Mai nauyi | Fayil na hannunka | Tsada |
| Kodin | Kyauta, sai ladan mai yi | Watanni | Yadda ka gina shi | Mafi ɗorewa | Dogaro da mutum ɗaya |

Farashi na sauyawa, a leƙa shafin kamfani kafin a rubuta kasafi.

## Abin da teburin bai nuna ba

Mai son fahimtar yadda abubuwa ke jan juna, fari ya kori makiyayi kudu, rikici ya hana noma, ƙarancin hatsi ya ɗaga farashi, tsada ta sa a sare itace a sayar, ya sani cewa allon bayanai adadi yake nunawa gefe da gefe, ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 zuwa shekarun 1980. Ka ɗora wannan layin kusa da na kowace matsala ta yankin za su yi kamar suna tafiya tare, mai kallo kuma zai yanke hukuncin da alƙaluman ba su yanke ba. Don zana zaren dalili da sakamako akwai Kumu, kyauta ga aikin da aka buɗe wa jama'a. Don ganin yadda kwaikwayon tsari na gaske yake, a buɗe En-ROADS na Climate Interactive da makarantar MIT Sloan: ka matsar da harajin hayaƙi ko sare daji, ka ga zafin duniya na shekarar 2100 ya motsa. Na duniya ne baki ɗaya, ba ya ware Sahel, amma awa ɗaya a kansa na koyar da ɗalibi ma'anar jinkiri tsakanin mataki da sakamako.

Haka kuma babu manhajar da za ta gaya maka inda alƙaluma suka karye. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta sauya shekarar tushen ma'aunin farashi a farkon 2025, hauhawar farashi ta sauka daga kashi 34.80 a Disamban 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025. Wanda ya haɗa su a layi ɗaya ba tare da alama ba ya nuna wa mutane sauƙin da ba su gani a kasuwa ba. Duk adadin "kowane mutum" na jihohi kuma a kan hasashe yake tsaye, tunda ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce. Irin wannan bayani a jikin zanen ake rubuta shi, kuma Datawrapper da Flourish sun fi sauƙaƙa rubutu a kan layi.

## Wa ya dace da wanne

Ɗan jaridar Dawanau, da duk mai magana da jama'a ta waya, ya ɗauki Datawrapper. Layi biyu, na gero da na masara, take da Hausa wanda ya faɗi abin da aka gano, alama a watan da aka rufe iyaka, sannan hoto don WhatsApp. Ya ajiye Flourish don labari ɗaya ko biyu a shekara da motsi ke da ma'ana a cikinsu, kamar bin kuɗin kasafi daga asusun tarayya zuwa ma'aikatu.

Ma'aikaciyar Maiduguri, idan ƙungiyarta na da lasisin Microsoft, Power BI ne nata, da sharaɗi biyu: a cire sunaye da wuraren gidaje kafin bayanai su shiga allon, kuma mutum na biyu a ofis ya koyi sabunta shi tun makon farko. Idan babu lasisi kuma babu kuɗinsa, Looker Studio da aka raba ga imel ɗin mutane ƙidayayyu ya fi mata aminci nesa ba kusa ba a kan allon da aka saki ga duniya. Abin da za a nuna wa jama'a ko masu ba da tallafi a tattara shi a matakin ƙaramar hukuma, a fitar da shi daban.

Malamin Damagaram ya fara da Gapminder na saukewa da En-ROADS a aji. Don damina da amfanin gona na yankinsa, alƙaluman ruwan sama na CHIRPS, waɗanda Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ke fitarwa kyauta, sun faro daga 1981. Idan a sashensu akwai mai R, Shiny da ke gudana a kwamfutar malamin, a haska shi a bango, ba ya cin ko sisi kuma ba ya jiran sabis.

Mai bincike da ke tono alƙalumansa shi kaɗai, musamman mai Mac, Tableau Public da ajiya a kwamfuta ya ishe shi. Gidan jarida ko cibiyar da ke son abin da zai rayu shekara goma da Hausa tsantsa, kuma tana iya riƙe masu kodin biyu a albashi, ta tafi D3 da Leaflet. Idan ɗaya kaɗai za ta iya riƙewa, ta dakata tukuna. Ɗalibin da aiki yake nema ya ƙware a Excel, ya bi da Power BI, ya kuma wallafa zane biyar a Datawrapper da alƙaluman jiharsu, ya saka linkinsu a takardar neman aiki.